Waiwaye: Yadda Ake Auna Jami'o'i da Binciken Malamansu na Kimiyyar Kwamfuta

Tun kafin a fara ƙirga takardun bincike, suna ne ma'aunin da ake jera jami'o'i da shi. Lokacin da mujallar US News & World Report ta fara fitar da jadawalinta a Amurka a shekarar 1983, shugabannin jami'o'i ta tambaya su faɗi waɗanda suke ganin sun fi, kuma duk wanda ya san halin ɗan Adam ya san cewa irin wannan tambaya tsohon suna take ƙara wa daraja, ko da sashen da ake yabo ya daɗe da yin sanyi.

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga aikin Eugene Garfield, wanda ya fitar da kundin ambaton kimiyya a 1964, inda ake bin diddigin wace maƙala ce ta ambaci wace. Tunaninsa shi ne aikin da wasu masana suka yi ta komawa gare shi ya yi tasiri. A kan irin wannan kundi Jami'ar Shanghai Jiao Tong ta kafa jadawalin jami'o'in duniya a 2003, sannan jadawalin Times Higher Education ya biyo baya a 2004, shekarar da Google Scholar, manhajar neman maƙalun ilimi, ya fito. A 2005 kuma masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya kawo ma'aunin h: idan aka ce malami yana da 30, to yana da maƙalu 30 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya daga cikinsu sau 30 ko fiye. Sauƙin wannan lamba ya sa wasu masu jadawali suka rinƙa tara na malaman sashe ɗaya su ce ga ƙarfin jami'ar.

A nan ne kimiyyar kwamfuta ta sha bamban da sauran fannoni, kuma wannan bambanci shi ne tushen rigimar gaba ɗaya. Masanin sinadarai ko likita mujalla yake kai sakamakonsa, amma masanin kwamfuta babban taron shekara-shekara yake nufa, inda alƙalai ke tace maƙalu su watsar da mafi yawansu kafin a buga waɗanda suka tsira a kundin taron. Maƙalar da masu bincike na Microsoft suka gabatar a taron CVPR na 2016, kan yadda ake horar da na'ura ta gane hoto, an ambace ta fiye da sau 100,000, alhali ba a mujalla ta fito ba. Tun 1999 Ƙungiyar Binciken Kwamfuta ta Arewacin Amurka, wato CRA, ta fitar da takardar da David Patterson da Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman suka rubuta, tana jan hankalin kwamitocin ƙarin girma cewa kada su raina maƙalar taro. Masu jadawali ba su ji ba. Da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da nata kimantawar a 2010, ƙungiyar CRA ta yi ƙorafi kan bayanan da aka yi amfani da su, kuma a 2017 ta fito fili ta ce a yi watsi da jadawalin duniya na US News a wannan fanni, domin ya dogara da kundin da bai ɗauki taruka da muhimmanci ba. A ganina ƙungiyar tana da gaskiya, domin wanda ya auna hatsi da mudun da ya huje ba shi da bakin cewa gonar ba ta yi albarka ba.

Masanan sun ɗauki matakin auna kansu da kansu. Akwai rumbun DBLP da Michael Ley ya fara a Jami'ar Trier ta Jamus a 1993, wanda ke tattara sunayen maƙalun kwamfuta na mujallu da na taruka, kuma a kansa Emery Berger na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst ya gina jadawalin jami'o'i a fannin kwamfuta mai suna CSRankings. Tsarin a buɗe yake: ana ƙirga maƙalun da malaman jami'a suka samu shigarwa a zaɓaɓɓun manyan taruka, ana raba makin kowace maƙala tsakanin marubutanta, ta yadda idan su huɗu ne kowa ya sami rubu'i, don kada a rinƙa cusa sunaye. Da gangan aka bar ƙirga ambato, saboda ana iya yi masa maguɗi. Wannan tsoro yana da tushe: a 2011 mujallar Science ta ba da rahoton yadda wasu jami'o'in Saudiyya ke biyan fitattun masana na waje su rubuta sunan jami'ar a matsayin wurin aikinsu, kuma a 2023 kamfanin Clarivate, mai kula da kundin ambato, ya cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerinsa na masanan da aka fi ambata, saboda alamun ambaton haɗin baki.

Sai dai gyaran ma ya zo da nasa giɓin. Shiga babban taro shaida ce ta cewa alƙalai sun gamsu a wannan shekarar, ba ta nuna ko aikin zai amfani kowa bayan shekara goma, kuma ba ta cewa komai game da yadda ake koyar da ɗalibai. Ƙorafi irin wannan ne ya haifar da Sanarwar San Francisco ta 2012 da Matsayar Leiden ta 2015, waɗanda suka nemi a daina sa lamba a gurbin karanta aikin kansa, kuma a 2023 Jami'ar Utrecht ta Holan ta ƙi miƙa bayananta ga Times Higher Education.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ma'aunin taro ke bari a waje. Yawancin manyan taruka a Amurka da Kanada da Turai ake yin su, ga kuɗin rajista da na jirgi da dala, ga neman biza. A 2018 da 2019 an hana masu bincike da dama daga Afirka bizar shiga Kanada don halartar babban taron NeurIPS na masu horar da na'ura, cikinsu har da waɗanda aka riga aka karɓi aikinsu. Malamin da ke Zariya ko Yamai, wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan maƙalun mujalla, jadawalin taruka ba ya ganin aikinsa, ko da kuwa shi ne ya tattara bayanan Hausa da wasu ke horar da na'urorinsu da su. Sai a watan Mayun 2023 taron ICLR, wani babban taro na wannan fanni, ya zauna a Afirka, a Kigali, bayan annobar korona ta hana wanda aka shirya yi a Adis Ababa a 2020.