Waiwaye: Yadda Ƙahon Yahudawa Ya Koma Shiru Ranar Asabar

Duk shekarar da ranar farko ta sabuwar shekarar Yahudawa, wato Rosh Hashana, ta faɗo ranar Asabar, ranar hutunsu ta addini, kamar yadda aka yi a 2020 da 2023, sai tsohuwar gardama ta sake tashi: a busa ƙaho ko kada a busa? Masu riƙe da tsohuwar al'ada suna ajiye shi sai Lahadi, rana ta biyu ta idin. Yawancin majami'un masu ra'ayin sauyi kuwa, waɗanda da yawansu kwana ɗaya suke yin idin, busawa suke yi, don in ba haka ba shekarar za ta wuce ba a ji ƙaho ba.

Asalin abin sananne ne. Attaura ta kira ranar "ranar busa". Ƙahon, wanda suke kira shofar, an fi son na rago, don tunawa da ragon da ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim, wanda a wurinsu Ishaƙu ne. Maimonides, malaminsu na ƙarni na 12, ya fassara sautin da kiran masu barci su farka su tuba.

Sai dai aikin ba na kowa ba ne, kuma nan ne bakin zaren. Ƙahon saniya bai halatta ba. Tsawonsa dole ya kai faɗin tafin hannu, yadda in an riƙe shi zai leƙo ta gefe biyu. In ya tsage a tsaye, ya ɓaci. In an toshe hujinsa da wani abu da ba ƙaho ba, ko an shafa zinariya inda leɓe ke taɓawa, haka nan. Sautin iri uku ne: tekiya doguwa, shebarim mai yanka uku kamar nishi, da teruwa mai gajerun yanka tara kamar shessheƙar kuka. Mafi ƙaranci a aikace busa 30 ne, al'ada ta kai shi 100. Wanda bai gwanance ba, iska kawai yake fesawa.

Dalilin da aka fi ambata na hanin ya fito ne daga Talmud ta Babila, kundin tattaunawar malamansu na dā kan shari'a: kowa busar ta hau kansa, amma ba kowa ya iya ba, ana tsoron wani ya ɗauki ƙahonsa ya nufi gidan gwani, ya yi tafiyar kamu huɗu da kaya a titi, abin da aka haramta ranar Asabar. Talmud ta Kudus kuwa da ayar Attaura ta kafa hujja, inda aka ce "tunawa da busa", wato ranar Asabar ambato kawai ake yi.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne garin Yabne. Kafin Romawa su rushe Haikalin Kudus, babban wurin ibadarsu, a shekara ta 70, ana busawa a cikinsa ko da Asabar ce. Da aka rushe shi, babban malaminsu Yohanan ben Zakkai ya tara malamai a Yabne, sai idin ya zo ranar Asabar, jama'a kuma sun hallara daga garuruwa. Ya ce a busa. Wasu manyan malamai, 'ya'yan Betera, suka ce a fara tattaunawa tukuna. Ya ce a busa, sannan a tattauna. Da aka busa suka ce to, yanzu a zauna. Sai ya ce an riga an ji ƙaho a Yabne, ba a ja da abin da aka riga aka aikata. Dabara ce irin ta dattijon da ya san in aka buɗe baki, rana za ta faɗi ba a yi komai ba.

Amma dubi sharaɗin da ya gindaya: ba ko'ina ba, sai inda akwai kotun malamai. Wani malamin ma ya ce Yabne kaɗai ake nufi. Ke nan izinin da a da yake rataye da wuri mai tsarki ya koma rataye da hukuma. Kotun ce ke sa ido kada wani ya fita da ƙaho titi. Da majalisar malamai ta Sanhedrin ta gushe a wajajen ƙarni na 5, kuma silsilar naɗin alƙalanta ta yanke, sai izinin ya rasa inda zai tsaya. Maimonides ya ce sai kotun da aka naɗa a ƙasar Isra'ila. An ruwaito cewa Ishaƙu Alfasi, malamin birnin Fas ta Maroko na ƙarni na 11, yana sa a busa a gaban kotunsa ranar Asabar, don a ganinsa kowace tsayayyiyar kotu ta isa, amma waɗanda suka biyo bayansa ba su ɗauki wannan ba.

Shi ya sa masu cewa "a ajiye ƙahon a majami'a tun ranar Juma'a mana" ba sa samun yadda suke so. Amsar da ake ba su ba ta shafi inda ƙahon ya kwana ba, tambaya ce ta wace kotu ce a yau take da ikon da Yabne ta samu. Abin da ya rage zafin lamarin shi ne tsarin kalandar: ranar farko ba ta taɓa faɗowa Juma'a, don haka rana ta biyu ba ta zama Asabar, kuma ranar Lahadi ake cika busa 100 ɗin.