Waiwaye: Daga Hurumi Zuwa Waya, Tarihin Taƙaddamar Tsara Kiwo

Ciyawa ba ta gudun a ci ta. Idon da take tohowa yana can ƙasa dab da turɓaya, shi ya sa idan saniya ta yage ganyen, wani ke biyo baya. Abin da ke kashe ta shi ne a koma mata tana cikin toho, a sake yagewa, a kuma sakewa, har abincin da ta ajiye a gindi ya ƙare. Duk dokokin kiwon da aka taɓa yi a duniya amsa ce ga tambayoyi biyu: baki nawa za a saka wa fili, kuma kwana nawa za a ɗaga masa ƙafa ya huta.

Tun kafin malaman jami'a su sa baki, masu dabbobi sun ba da tasu amsar. A ƙasar Larabawa akwai hima, wato hurumin da ake keɓewa. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka. A Sifen, Sarki Alfonso na 10 ya amince da ƙungiyar masu tumaki ta Mesta a 1273, aka tsare musu burtalai masu faɗin kusan mita 75 tsakanin wuraren kiwon sanyi da na zafi. A ƙauyen Törbel da ke tsaunukan Suwizalan, dokar 1517 ta hana kowa hawa da shanu kan dutse fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da ingiricinsa a lokacin hunturu, ka ga an ɗaure yawan baki da ƙarfin rumbu ke nan. A Masina ta ƙasar Mali, daular da Shehu Amadu ya kafa a 1818 ta tsara wane garke ne zai fara shiga fadamar ciyawar burgu bayan ruwa ya janye, wane ne zai bi masa, da shugabannin kiwon da ke tsare wannan jeri. Babu shinge ko ɗaya a cikin waɗannan. Lokaci ake tsarewa, da hanya, da haƙƙin shiga.

Ilimin kiwo na zamani kuwa daga asara aka haife shi. Bayan yaƙin basasar Amurka an kwararo shanu cikin filayen yamma, waɗanda ba na kowa ba ne, kowa na rige-rigen cinye ciyawa kafin wani ya riga shi. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, ta toshe hanyoyin da shanu ke bi su guje wa masifa. Da hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo ya tarar da fili a ƙwaƙule, shanu suka mutu ba adadi. Gwamnati ta buɗe filayen gwaji, Santa Rita a 1903 da Jornada a 1912, sannan a 1934, ana tsakiyar guguwar ƙurar da ta binne gonaki, aka yi Dokar Taylor: ba ka kiwo a filin gwamnati sai da izini, izinin kuma ya faɗi yawan dabbobi da yawan watanni.

Tunanin da ya ɗauki nauyin wannan doka na masanin tsirrai Frederic Clements ne, wanda ya wallafa a 1916. A ganinsa kowane fili yana da kamalar da tsirransa ke nufa. Kiwo yana ja da shi baya, hutu yana mayar da shi gaba. In haka ne, aikin mai tsara kiwo bai wuce nemo adadin da zai daidaita ja da turawa ba. Daga nan aka sami lissafin ƙarfin fili, wanda har gobe ake koyarwa. Dabba mai nauyin kilo 250 tana cin kusan kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta a busasshiyar ciyawa, kilo 6.25 ke nan a rana, kimanin kilo 2,280 a shekara. A ce hekta ɗaya ta ba da kilo 1,500. Ba duka ne zai shiga ciki ba: gara za ta ci, kofato zai tattake, iska za ta kwashe, dole kuma a bar wani ya rufe ƙasa. Idan aka ƙiyasta kashi 30 cikin 100 ne rabon dabba, kilo 450 ke nan, saboda haka saniya ɗaya tana buƙatar hekta 5.

A 1955 Franklin Crider ya duba abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ya yi ta aske ciyawa yana lura da saiwarta. Idan abin da aka cire bai kai rabin ganye ba, saiwa ba ta fasa girma. Idan aka cire kashi 80, saiwoyin duka sun tsaya cik na kwana 12. Idan kashi 90 ne, kusan kwana 18. Wannan ya ƙarfafa ƙa'idar nan ta ci rabi, bar rabi. Rabin nauyi ake nufi, ba rabin tsayi ba, kuma nauyin ciyawa a gindi yake taruwa. Ciyawar da saiwarta ta gajarce ita fari ke fara kayarwa, sai haki marar daɗi da ƙaya su gaje gurbinta. Shi ya sa filin da ya gaji yakan yi kore shar ya ruɗi baƙo, alhali babu abin da saniya za ta sa a baki.

Shi kuwa André Voisin, manomi kuma masanin kimiyya a Normandi ta Faransa, lokaci ya sa a gaba, ba adadi ba. Ƙa'idojin da ya fitar a 1957 su ne tushen kiwon karɓa-karɓa. A raba fili gida-gida. Kada garke ya daɗe a gida ɗaya har ciyawar da ya ci ranar farko ta toho ya sake cinta. Kwana 3 ya fi, kada dai a wuce 6. Hutun kuma ba ƙayyadadde ba ne, saurin toho yake bi: a gonarsa kwana 18 kan isa a Mayu da Yuni, amma sai an ba da 36 a Agusta da Satumba. Yawan gidaje shi ne kwanakin hutu a raba da kwanakin zama, a ƙara ɗaya: 36 a raba da 3, a ƙara 1, gida 13. Kuskuren da aka fi yi tun zamaninsa shi ne, idan toho ya ragu, sai mai garke ya ga gida ya ƙare da wuri ya yi gaba, ya zagayo ya tarar da na farko bai farfaɗo ba, kowane zagaye ya fi na baya gajarta, har ya wayi gari ba ciyawa ko'ina. Abin da ya kamata shi ne a rage gudu, a cike giɓin da ingirici ko a rage baki. Wayar lantarki, wadda manoman Niyu Zilan suka fara haɗawa tun shekarun 1930, ita ta sa wannan rabe-rabe ya yi araha.

Sai 1968, Garrett Hardin ya fitar da maƙalarsa a mujallar Science, inda ya ce filin tarayya ƙarshensa lalacewa, domin ribar ƙarin saniya ta mai ita ce, asarar kuwa ta kowa. Maƙalar ta faɗo daidai da farin Sahel na 1968 zuwa 1973, sai ta zama hujja a hannun gwamnatoci da masu ba da lamuni. Kenya ta yi dokar gandun kiwo na rukuni a 1968, Botswana ta yi tata manufar a 1975, aka yi ta shata iyaka, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, ana ƙayyade adadi. Yawancin waɗannan ayyuka ba su haifi ɗa mai ido ba. Rijiya mai ruwa shekara zagaye tana tsayar da garken da a da ƙishirwa ke tasa, sai kewayenta ya zama fako, domin shanu sun fi cin abin da ke cikin kilomita 2 zuwa 3 daga mashaya, na nesa kuma ya tsufa a tsaye. Hardin ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: filin da ba mai shi, irin na yammacin Amurka kafin 1934, da filin jama'a mai doka, irin na Törbel. Elinor Ostrom ce ta warware wannan a 1990, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2009.

Lissafin ƙarfin fili ma bai tsira ba. A 1988 Jim Ellis da David Swift, bayan dogon bincike a Turkana ta arewacin Kenya, sun nuna cewa inda ruwan sama ba shi da alƙawari, damina ce ke yanke yawan ciyawa, fari kuma yana rage garke tun kafin garken ya kai ga cin ƙarfin fili. Ana yawan sa iyakar a inda saɓanin ruwa tsakanin shekara da shekara ya haura kashi 33 cikin 100. A irin wannan wuri hekta 5 ɗin nan ba ta da ma'ana: bana ta yi yawa, baɗi ta yi kaɗan, ciyawar da aka bari kuma ba ta jiran baɗi. Tafiya ita ce tsarin, kamar yadda makiyaya suka sani tun fil azal. A 1989 Westoby da Walker da Noy-Meir suka ƙara rushe wani ginshiƙin Clements: fili ba ya komawa yadda yake don kawai an janye dabbobi. Idan ƙasar sama ta zaizaye, ko irin ciyawar ya ƙare, ko ƙaya ta rufe, sai an sa hannu da sara, ko wuta a kan kari, ko sabon iri.

Rigimar da ta fi zafi a yau tsakanin mabiya Allan Savory ce da masu gwaji. Savory, ɗan Zimbabuwe, yana cewa a cunkusa garke mai yawa a ƙaramin wuri na ɗan lokaci, kofato ya fasa ɓawon ƙasa, kashi ya zama taki, sannan a ba da dogon hutu. A 2008 David Briske da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a filayen daji, suka tarar a 20 cikin 23, ciyawar da kiwon sake, wato barin garke a fili ɗaya ba juyawa, ya bayar ta kai ta karɓa-karɓa ko ta fi ta. Yawan baki da ruwan sama su suka fi tasiri. Masu gandun da suka ga amfanin karɓa-karɓa suna mayar da martani cewa gwaji yana bin kalanda, su kuwa ciyawa suke bi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mai zagaya gidajensa kullum yana ganin matsala da wuri, wataƙila idon nan ne ke aikin da ake jingina wa waya. Amma da'awar cewa shinge zai ninka ƙarfin busasshen fili ba ta da madogara.

Inda karɓa-karɓa ba ta da abokin gardama shi ne shukakkiyar ciyawa mai samun ruwa, da kuma yaƙi da tsutsar ciki. A yanayin ɗumi da laima, ƙwan da ke cikin kashi yakan zama tsutsa mai kamawa cikin kwana 4 zuwa 7, akasarinta kuma ba ta hawa sama da santimita 10 a jikin ciyawa. Garken da ya tashi kafin kwana 4, bai kuma ƙwaƙule har ƙasa ba, ya rage abin da yake haɗiya, musamman tumaki da awaki.

Yanzu an kai ga shinge marar waya, inda ake rataya wa dabba na'ura a wuya, ta yi ƙara idan ta doshi iyakar da aka zana a wayar hannu, ta ɗan ja ta da lantarki idan ta ƙi ji. Tauraron ɗan'adam kuma yana auna koren fili daga sama. A ɗaya gefen, Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar Mongoliya, ta ayyana 2026 a matsayin shekarar filayen kiwo da makiyaya, bayan shekaru ana ɗora wa masu yawo da garke laifin kwararowar hamada. Duk da na'urorin, shawarar da ta fi wuya tana nan inda take, a ƙarshen damina: a yanki ciyawar murabba'in mita ɗaya a wurare da dama, a busar, a auna, a ninka matsakaicin giram ɗin sau 10 a sami kilo a hekta, a cire rabon ƙasa da na gara, a ninka sauran da yawan hektocin fili, a raba da kwanakin rani. Idan bai kai abin da garke ke ci a rana ba, a sayar ko a tashi tun dabbobi na da tsoka, domin a watan da kowa ya gane ciyawa ta ƙare, kasuwa ta riga ta cika da ramammu.