Yadda Doka Ta Tsara Fitar Da Ɗan Takara, Da Matsayin Masu Fafutuka A Intanet

Duk lokacin da jam'iyya ta tsayar da wanda matasan Facebook da X ba sa so, sai a ji ana cewa an yi wa jama'a fashin zaɓinsu. Ƙorafin yana da tushe, amma mafi yawan masu yin sa ba su lura cewa abin da jiga-jigan jam'iyya suke yi, doka ce ta ba su damar yin sa ba.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya nema wa ɗan takara ƙuri'a in ba jam'iyyar siyasa ba, sannan sassa na 65 da 131 da 177 sun shardanta cewa mai neman kujerar majalisar tarayya, ko shugaban ƙasa, ko gwamna, dole ya zama ɗan jam'iyya kuma ita ce za ta tsayar da shi. Ma'ana, babu takarar kai-da-kai, kuma mabiya miliyan guda a intanet ba za su iya sa sunan mutum a takardar ƙuri'a ba. Gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018, bayan gangamin da matasa suka yi a kafafen sada zumunta da kan tituna, ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jihohi kuma daga 30 zuwa 25, sai dai bai taɓa wannan sharaɗi na jam'iyya ba.

Yadda jam'iyya za ta fitar da gwaninta kuwa, Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta fayyace shi a sashe na 84. Hanyoyi uku ta bayar: ƙato bayan ƙato, inda duk mai rajista a jam'iyya yake jefa ƙuri'a, zaɓen deliget, inda wakilai ƙalilan suke zaɓa a madadin kowa, da masalaha, wadda dokar ta ce ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun amince a rubuce. Da farko majalisa ta so ta wajabta ƙato bayan ƙato ne kaɗai, amma Buhari ya ƙi sa hannu a watan Disambar 2021, yana kafa hujja da tsada da matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu, sai da aka dawo da sauran hanyoyin biyu sannan ya amince a watan Fabrairun 2022.

A nan ne tazarar ta fito fili. A zaɓen fidda ɗan takarar shugaban ƙasa na 2022, APC ta ɗauki deliget uku daga kowace ƙaramar hukuma, PDP kuma ɗaya, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774 da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93. Ƙuri'a 1,271 ce ta ba Bola Tinubu takarar APC a dandalin Eagle Square, 371 kuma ta ba Atiku Abubakar ta PDP. Waɗannan deliget ba a shafukan intanet aka samo su ba. An fitar da su ne daga tarukan mazaɓu da ƙananan hukumomi, a ofishin jam'iyya mai ɗaki ɗaya da benci biyu, inda littafin rajista yake hannun shugaban mazaɓa, shi kuma ya san wanda ya ɗora shi a kujerar. Matashin da ya kwana yana kare ɗan takara a waya, idan sunansa ba ya cikin wannan littafi, ba shi da ta cewa a ranar. Sashe na 77 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya wajabta wa jam'iyya miƙa wa INEC rajistar mambobinta kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani, saboda haka shiga jam'iyya ana gobe taro ba ya amfanar kowa. Ga kuma kuɗin fom, wanda APC ta sa naira miliyan 100 ga mai neman shugaban ƙasa a 2022, PDP kuma miliyan 40.

Peter Obi, wanda ya fi kowa samun goyon bayan matasan intanet a wancan zagayen, bai tsaya jiran deliget na PDP ba. Ya fice a watan Mayun 2022 ya koma jam'iyyar Labour. Ko shi ɗin sai da ya nemi inuwar wata jam'iyya mai rajista, domin doka ba ta bar masa wata ƙofa ba.

Idan an yi murɗiya kuma, ba kowa ke da hurumin zuwa kotu ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba wa wanda ya shiga takarar fidda gwanin kaɗai damar kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, sashe na 285 na kundin tsarin mulki kuma ya ƙayyade masa kwana 14. Magoya baya, komai yawansu, 'yan kallo ne a idon alƙali. Ko mai hurumin ma ba shi da tabbas, kamar yadda aka gani a takarar sanatan Yobe ta Arewa a APC: Bashir Machina ya yi nasara a kotuna biyu na farko, ra'ayin jama'a a intanet yana tare da shi, amma a watan Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta bai wa Ahmad Lawan takarar, bisa hujjar cewa hanyar da Machina ya bi wajen shigar da ƙarar ba ita ce ta dace da zargin zamba ba.