Mafarkin Kashe Dukiyar Ba-zata a Labaran Soyayya na Kirista

Mafarkin kashe dukiyar ba-zata wani jigo ne da ke yawan fitowa a ƙagaggun labaran soyayya na Kirista, musamman waɗanda ake wallafawa a Amurka da Kanada. A cikinsa, tauraruwar labari, wadda galibi mace ce mai ƙaramin ƙarfi, takan sami labarin cewa wasu kuɗi masu yawa sun faɗo mata ba tare da ta nema ba, ko kuma ta zauna tana saƙe-saƙen abin da za ta yi wa kanta da a ce sun faɗo. Daga nan marubucin yakan bi ta cikin jerin abubuwan da ranta ke so, daga sutura zuwa gida zuwa tafiya ƙasar waje, sannan ya gwada wannan buri da koyarwar addini a kan dukiya. Jigon yana yi wa irin wannan adabi aiki biyu a lokaci guda: yana bai wa mai karatu daɗin mafarkin, yana kuma ɗora wa mafarkin sharuɗɗan da za su sa mai bi ya ji daɗinsa ba tare da zuciyarsa ta zarge shi ba.

## Asali

Labarin marainiyar da ta ci gado kwatsam ya girmi adabin soyayya na Kirista a matsayinsa na fanni mai zaman kansa. A littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a Ingila a 1847, tauraruwar ta gaji fam 20,000 daga kawunta da ya rasu a tsibirin Madeira, sai ta raba kuɗin gida huɗu tsakaninta da 'yan uwanta uku, kowa ya tashi da fam 5,000. Abin da ta fara yi da rabonta shi ne gyara gidan dangin da sayen sababbin kayan ɗaki. Ba a lissafa wannan littafi cikin fannin, amma tsarin da ya shimfiɗa, wato gado daga dangi na nesa, da rabawa, da kashe saura a kan gida, shi ne marubutan baya suka yi ta maimaitawa.

Wadda aka fi dangantawa da kafa fannin ita ce Grace Livingston Hill, 'yar wani fasto, wadda aka haifa a jihar New York a 1865, ta rasu a 1947 bayan ta rubuta littattafai fiye da 100. Ta san rashin kuɗi da kanta, domin mijinta na fari, wanda shi ma fasto ne, ya rasu a 1899 ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, kuma da alƙalami ta ciyar da su. Wataƙila shi ya sa babu wanda ya kai ta daɗewa a kan bayanin sayayya. A littafinta A Daily Rate na 1900, wata budurwa mai aikin kanti ta sami ɗan gado, ta karɓi ragamar wani lalataccen gidan haya, ta ɗauko gwaggonta suka mayar da shi wurin zama mai tsabta da abinci mai kyau. A Aunt Crete's Emancipation na 1911 kuwa, wata dattijuwa da danginta suka mayar baiwar gida ta sami ɗan 'yar'uwarta mai arziki ya zo daga yammacin ƙasar, ya kai ta manyan kantuna ya yi mata sutura daga kai har ƙafa, sannan ya sauke ta a babban otal na bakin teku inda waɗanda suka raina ta suke hutu. Hill takan ba da shafuka masu yawa ga launin yadi da laushin safar hannu da kujerun falo, kuma a fili yake cewa tana jin daɗin rubuta su kamar yadda masu karatunta suke jin daɗin karantawa.

Fannin ya sake farfaɗowa a 1979 da littafin Love Comes Softly na Janette Oke, 'yar Kanada, wanda kamfanin Bethany House ya buga. Daga baya kamfanin Barbour ya buɗe jerin Heartsong Presents a 1992, Harlequin kuma ya buɗe Love Inspired a 1997, aka shiga fitar da gajerun littattafai kowane wata. Buƙatar labarai da yawa a kai a kai ta sa jigogin da suka riga suka karɓu, ciki har da na gadon ba-zata, suka zama abin komawa a kullum.

## Inda kuɗin ke fitowa

Tushen kuɗin ba ƙaramin al'amari ba ne a wannan adabi. A rayuwar yau da kullum ta Amurka, idan mutum yana mafarkin tsuntsu daga sama gasasshe, yawanci tikitin cacar gwamnati yake tunani, wadda jihar New Hampshire ta fara a zamanin nan a 1964, aka kuma faɗaɗa ta da wasan Powerball a 1992. Amma manyan ɗarikun Furotesta da ke samar da mafi yawan masu karatun fannin, irin su Baptis na kudancin Amurka da Metodis, sun daɗe suna adawa da caca, kuma ƙa'idojin da aka riƙa bai wa marubutan Love Inspired sun hana a nuna Kirista a labari yana caca ko shan barasa. Saboda haka da wuya a ga tauraruwa ta ci tikiti. Idan caca ta shigo, to uba ne ko ɗan'uwa ko tsohon miji ya jefa iyali cikin bashi da ita.

Hanyar da ta rage ita ce gado, kuma shi ma akan tsabtace shi. Mamacin yakan kasance kakan da ba a taɓa gani ba, ko gwaggo mai zaman kaɗaici, ko wata tsohuwa da tauraruwar ta yi wa jinya ba da wata manufa ba, domin kada a ce ta zauna jiran mutuwar wani. Lauya yakan zo da wasiƙa, kuma sau da yawa wasiyyar tana ɗauke da sharaɗi: a zauna a wani ƙaramin gari na tsawon shekara, ko a gyara tsohon masauƙin baƙi, ko a raba gona da wani baƙon namiji, wanda mai karatu ya san tun daga shafin farko shi ne angon. A labaran da aka gina kan tarihi, dukiyar takan fito daga zinariyar Kalifoniya da aka gano a 1848, ko man fetur na Texas bayan rijiyar Spindletop ta 1901, ko hannun jarin jirgin ƙasa. Nan ma akwai bambanci. A Redeeming Love na Francine Rivers, wanda ya fara fitowa a 1991 yana sake ba da labarin annabi Hosiya a zamanin neman zinariya, garin masu haƙar zinariya wurin lalacewa ne, mutumin kirki kuwa manomi ne mai cin guminsa.

## Jerin abin da rai ke so

Zuciyar jigon ita ce lokacin da tauraruwar ta keɓe ita kaɗai tana lissafi. Abin lura shi ne yadda burin yake farawa ƙarami: takalmin da ba ya shan ruwa, riga ɗaya sabuwa wadda ba wata ce ta gaji da ita ta ba ta ba, ɗaki mai taga, barci har rana ta fito ba tare da tunanin mai gidan haya ba. Marubuci yakan yi amfani da wannan jeri ya nuna irin rashin da ta sha fiye da yadda kowane bayani zai nuna. Sai a hankali burin ya girma ya kai ga fiyano, ko komawa makaranta, ko ganin Faris da Rum, ko sayen gidan da ta saba wucewa ta gabansa tana kallo.

Daga nan akan bi ɗaya daga cikin 'yan hanyoyi don kada mafarkin ya zama son zuciya tsantsa. Wadda ta fi yawa ita ce a juya kashe kuɗin zuwa gida, domin labule da murhu da teburin cin abinci nata ne, amma kuma da su za ta karɓi baƙi, ta riƙe marayu, ta tara maƙwabta a yi addu'a. Wata hanyar ita ce wadda Hill ta fi so, a sa wani ya kashe mata, ita kuwa tana ƙi tana cewa ya yi yawa, ta yadda za ta sa siliki ba tare da ta taɓa roƙonsa ba. Akwai kuma labaran da ake barin tauraruwar ta yi abin da ranta ke so har ta ƙoshi, sannan ta tarar kaɗaicin da take ciki bai ragu ba. A wasunsu akan ambaci fitar da kashi ɗaya cikin goma domin ikilisiya kafin a taɓa sauran, ko da a jimla guda ce.

Labaran da suka shafi al'ummar Amish, wasu Kiristoci a Amurka masu gudun ado da kayan zamani irin su wutar lantarki, sun kai jigon wani mataki, domin a wurinsu ko maɓallin riga mai ado abin tambaya ne. A jerin littattafai uku da Beverly Lewis ta fara da The Shunning a 1997, wata budurwa da ta tashi a gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania tana ɓoye sha'awarta ga kiɗa da tufafi masu sheƙi, sai ta gano cewa riƙonta aka yi, mahaifiyarta ta asali kuma attajira ce. Ta gaji katafaren gida da barori, ta sami duk abin da aka hana ta, labarin kuma ya koma kan tambayar ko wannan ne abin da take nema tun farko.

## Ayoyin da ake jingina da su

Marubutan suna da ayoyin Littafi Mai Tsarki a ɓangarori biyu, kuma wannan ne ya sa jigon bai ƙare ba. A gefen gargaɗi akwai misalin wawan mai arziki a Luka 12, wanda gonarsa ta yi albarka ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya huta ya ci ya sha, aka karɓi ransa a daren. Wannan misali shi ne ainihin hoton mutum mai tsara yadda zai kashe garaɓasa a kan kansa, kuma fasto a cikin labari yakan yi wa'azi a kansa a daidai Lahadin da tauraruwar ta fi bukatar ji. Akwai ɗan da ya karɓi gadonsa ya lalatar a Luka 15, da saurayi mai dukiya a Markus 10, da Karin Magana 20:21 a kan gadon da aka samu da gaggawa, da 1 Timoti 6:10 inda manzo Bulus ya ce son kuɗi tushen kowace irin mugunta ne. A ɗaya gefen, aya ta 17 ta wannan sura ta 1 Timoti ta ce Allah yana ba da kome a yalwace domin a ji daɗinsa, sannan akwai matar da ta zuba wa Yesu turaren da kuɗinsa ya kai dinari 300, almajirai suka ce ɓarna ce, shi kuwa ya kare ta. Labarin Rut da Bo'aza, inda gwauruwa mai kalar hatsi ta auri mai gonar, shi ne madogarar duk labarin da arziki ya zo tare da miji.

Matsayar da aka fi tsayawa a kai ita ce ta riƙon amana: dukiya ta Allah ce, mutum wakili ne. Ta yi daidai da sanannen wa'azin da John Wesley, wanda ya kafa tafiyar Metodis, ya yi a ƙarni na 18 a kan amfani da kuɗi, inda ya ce a samu iyakar iyawa, a tattala iyakar iyawa, a bayar iyakar iyawa.

## Dukiya da masoyi

Tun da labarin na soyayya ne, kuɗin sukan zama ma'aunin maza. Yawanci akwai mai neman aure mai daɗin baki wanda ya bayyana bayan an ji labarin gadon, akwai kuma talakan kirki, kafinta ko likitan ƙauye ko ɗan mishan, wanda ya ja da baya domin kada a ce kuɗin yake bi. Shi ma labarin yakan ɗora masa laifin girman kai, sai ya koyi karɓa kamar yadda ita ta koyi saki. Tauraruwa takan ɓoye arzikinta ta koma aikin ƙarfi a wani gari don ta ga wanda zai so ta a haka. A labaran tarihi tsoron yana da tushe a doka, domin kafin dokokin mallakar matan aure, irin ta jihar New York ta 1848 da ta Ingila ta 1882, abin da mace ta shigo da shi gidan miji yakan koma ƙarƙashin ikonsa, don haka zaɓen miji zaɓen mai riƙe dukiyar ne.

## Suka

Masu sukar fannin sun lura cewa tauraruwar da ta saki dukiya ba kasafai take komawa talauci ba. Ko dai wani sashe na wasiyyar ya bayyana ya mayar mata da ita, ko kuma talakan da ta zaɓa ya kasance yana da gona ko gadon da bai faɗa ba. Wasu suna ganin wannan ya kusanci koyarwar nan da ake kira bisharar wadata, wadda masu wa'azi irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin suka yaɗa, inda bayarwa take jawo ribar duniya, ko da yake yawancin marubutan fannin ba sa cikin wannan tafiya. Sukar tana da ƙarfi, domin sadaukarwar da mai karatu ya tabbata za a biya ta kafin babi na ƙarshe ba ta da nauyin ta gaske. Akwai kuma masu cewa jigon ya fi takura wa mata, domin attajirin namiji a waɗannan littattafai yakan riƙe jirginsa da gonakinsa bayan ya tuba, ita kuwa sai ta ba da hujjar kowace riga.

Binciken da aka yi a kan masu karatun ya nuna wani gefen. Lynn Neal, a littafinta Romancing God na 2006, ta tattauna da mata masu karanta waɗannan labarai, ta nuna cewa suna ɗaukar karatun a matsayin hutu daga hidimar gida da aiki, kuma a matsayin abin da ke ƙarfafa bangaskiyarsu. Valerie Weaver-Zercher ta yi irin wannan nazari a kan labaran Amish a Thrill of the Chaste na 2013, inda ta danganta farin jininsu da gajiyar da mutane suka yi da rayuwar saye da sayarwa marar tsayawa. Littattafan da ke yabon rayuwar da babu wutar lantarki sun sayu miliyoyi, har a manyan kantuna irin su Walmart, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin fitattun marubutansu suka taɓa zama 'yan Amish.