"Haba Malama, Ni Akuya Ne?"

Na gaji da jin kalmar nan basir. Da wuya rana ta fito ta faɗi a ɗan asibitin da nake aiki ban ji ta ba. Magidanci ya shigo dafe da ƙugu, basir. Matar aure ta ce cikinta kullum a kumbure kamar ganga, basir. Saurayi ɗan acaɓa ya ce kwana huɗu bai zaga ba, in ya shiga banɗaki ma sai nishi da gumi, abin da zai fito kamar tsakuwa, shi ma basir. Kuma kafin su iso wurina kowa ya riga ya shanye jarka guda ta wani baƙin ruwa da ya saya a tasha wurin masu lasifika.

Ni kuwa tambayata ɗaya ce, me aka ci jiya?

Makon da ya wuce wani dattijo ya zo, mutumin kirki, mai fara'a. Na ce, "Baba, jiya da safe me aka karya da shi?" Ya ce shayi da burodi. Da rana fa? Shinkafa da mai da yaji. Na ce da wake? Ya ce a'a, wake yana kumbura masa ciki. Da dare taliya. Na ce to shekaranjiya fa? Ya yi dariya ya ce, "Ai Malama kullum haka ne, sai dai a juya, taliyar ta dawo rana." Da na tambaye shi yaushe rabonsa da kwaɗon zogale ko na rama, nan take fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Haba Malama, ni akuya ne?"

Wannan maganar ce ta zaunar da ni rubutu, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Raina ganye ya zama mana ciwo. Na san halin da ake ciki, ni ma kasuwar nan nake zuwa, na san yadda kuɗin cefane ke narkewa a hannu. Amma kada a fake da tsada. Ƙullin garin kuka nawa yake? Tafasa da yaɗiya da damina ai a bakin gona suke fitowa, ba mai shuka su. Abin da ke faruwa shi ne mun sa wa ganye suna abincin yunwa, abincin ƙauye. Da mutum ya ɗan samu, abu na farko da yake kora daga gidansa shi ne miyar kuka da dambu. Amarya tana jin kunyar baƙi su tarar ta yi fate. Salak da kabeji sun koma ado a kan shinkafar biki, yara su ture gefe, uwa tana kallo ba ta ce komai ba, don ita ma turewa take yi.

Ba zan cika ku da bayanin likitanci ba. Ku dai sani cewa a hanjin kowannenmu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba iyaka, kuma yawancinsu aiki suke mana. Abincinsu shi ne dusar hatsi da ɓawon wake da zare-zaren ganye, abin da ake kira faiba. Shi ne kuma ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida. Kowace iri da abin da take so, wata wake, wata gero, wata kuɓewa. Manomi ya san abin da ke samun gonar da ake shuka mata abu ɗaya shekara da shekaru. To haka hanjin da bai san komai ba sai farar shinkafa da fulawa.

Ga abin da ke ba ni haushi. A 2010 wasu masu bincike daga Italiya suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen me suke ci? Gero, dawa, wake, ganye, wato abincin kakanninmu sak. Aka tarar halittun hanjinsu sun fi na yaran Turai yawan iri, dangin ƙwayoyin da ke kawo zawo kuwa sun fi ƙaranci a cikinsu. Turawa sun tako har maƙwabtanmu don su ga sirrin tuwon dawa, mu kuma muna gudunsa muna bin taliyar leda! Wani babban bincike a Amurka, a 2018, ya nuna masu cin tsirrai iri 30 ko fiye a mako sun fi masu cin iri 10 ko ƙasa da haka yawan irin waɗannan halittu.

Na san wani zai ce iri 30 ina za a same su. Mu ƙirga mana. Gero, dawa, maiwa, masara, acca, alkama. Wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, aya. Kuka, karkashi, kuɓewa, yakuwa, alayyafo, zogale, rama, tafasa, lansir. Kabewa, yalo, gauta, karas, tumatir, albasa. Goruba, magarya, kanya, ɗinya, aduwa, tsamiya, dabino. Mun wuce 30 ban ma taɓo gwanda da gwaiba da mangwaro ba, balle daddawa da citta da tafarnuwa. Duk a kasuwar garinku suke, wasu ma a kan tiren yarinyar da ke wucewa ta ƙofar gidanka kana korarta.

'Yan'uwana mata, ku ma ba ku tsira ba, kuma da ƙauna nake faɗa. A kai gero surfe a ce sai ya yi fari tas, a kwashe dusar a zuba wa awaki. A jiƙa wake a murje ɓawon kaf don ƙosai ya yi kyan gani. A tace gasara har sau biyu, abin da ya rage a rariya a kai turke. A zabga wa miya kanwa, a bar ganye a wuta har ya mutu murus. Akuyar da maigida ke ƙyamar a haɗa shi da ita, ita ke cinye mai amfanin, ku a bar ku da fanko. Ban ce a daina ƙosai da koko ba, ni ma ina sha. Amma a riƙa dafa waken da ɓawonsa wani lokaci, a sassauta surfen nan.

Sai kuma jarkar tasha. Ban ce duk maganin gargajiya banza ne ba. Amma wanda ake zuba maka a robar da aka sha lemo, ba ka san me ke ciki ba, ba ka san awonsa ba. Da yawansu zawo kawai suke sa ka, ka kwana kana zarya, gari ya waye ka ce "ya wanke ni." Ruwan jikinka ya tafi, bayan kwana uku cikin ya sake ɗaurewa, tunda shayi da burodin na nan inda ka bar su. Ka koma ka sayi wata jarkar. Kuɗin da ka kashe a kanta da ya isa ganyen mako guda. Ƙoda da hanta kuma su ke ɗaukar wahalar abin da ka ɗura musu.

Abin yi a gurguje:

- Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kamar cikin tafin hannu sau biyar. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin.
- A canza miya, kada kuka ta kwana bakwai ita kaɗai.
- Shinkafa kada ta fito ba wake ko ganye.
- A fara kaɗan-kaɗan. Kumburi da tusar kwanakin farko suna lafawa.
- Ruwa, ruwa, musamman da bazara.
- Ɗanyen ganye a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.
- Jariri ƙasa da wata 6 nono zalla. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna.

Wani abu kuma, don Allah ku ji da kyau. In kana ganin jini a bayan gida, ko ya koma baƙi ƙirin, ko kana ramewa ba dalili, ko yanayin zagayawarka ya canza ya ƙi komawa daidai har makonni, kada ka ce basir ne ka zauna, kada kuma ka ce zogale zai gyara. Ka zo a duba ka, musamman in shekaru sun fara ja. In za ka zo, ka taho da jarkar in gani, ba zan yi maka faɗa sosai ba.

Shi kuwa Baban nan, na roƙe shi ya turo mini uwargidansa, a tunanina ita ke riƙe da ludayi. Ta zo washegari, na fara yi mata bayani, sai ta tare ni ta ce, "'Yar nan, bishiyar zogale biyu gare mu a bayan ɗaki. Ni da jikoki muke ci. Shi ne ya ce kar a kuskura a sa masa a kwano."