Zanen tsohuwar Kumae da ke rufin cocin Sistine a Vatikan, fadar Paparoma: amsoshin tambayoyinku

Maryamu ce?

A'a. Sau nawa zan faɗa? Mai duba ce ta garin Kumae, kusa da Naples a Italiya, tun zamanin maguzancin Rumawa.

Wa ya zana ta?

Michelangelo, mai zane ɗan Italiya, tsakanin 1508 da 1512, bisa umarnin Paparoma Julius na Biyu.

Me ya sa damatsanta kamar na ƙato?

Ku daina cewa kuskure ne. Maza yake sawa a gaba idan zai zana mata. Ku dubi fuskar, duk ta yamutse, ta sunkuya a kan littafi, amma hannun da ya riƙe shi bai tsufa ba. Ni a cikin mata masu duba biyar da aka zana a rufin, ita ta fi ratsa ni. Ita ce aka ce ta kai wa Sarki Tarkwin na Rum littattafai tara, ya raina farashi, ta ƙone uku, ta sake ƙone uku, ƙarshe ya sayi ukun da suka rage a kuɗin farko.

Idan na je Vatikan zan gan ta sosai?

To, ya danganta. Rufin ya kai mita 20 daga ƙasa, mutane kuma maƙil, masu gadi na ta cewa a yi shiru. Ɗaukar hoto haramun ne a ciki, kar ka ce za ka saci ɗaya, kunya za ka sha. Ka rufe kafaɗu da gwiwoyi. Lahadin ƙarshen wata ana shiga kyauta, amma layin na iya cinye maka safiya, don haka idan da hali ka sayi tikiti tun da wuri ta intanet. Kana shiga ka nemi zanen halittar Hauwa'u a tsakiyar rufin, tsohuwar tana gefensa, tana fuskantar zanen Annabi Ezekiyel. Ƙaramin madubin hangen nesa zai taimaka, wuya dai za ta yi ciwo. Kar ka damu idan ba ka gane ta nan take ba. Lokacin zaɓen sabon Paparoma kuwa rufe cocin ake yi gaba ɗaya.

Me bamagujiya take yi a coci?

Kiristocin zamanin da sun ɗauka cewa ta yi bisharar zuwan Almasihu, saboda wata waƙar Virgil, mawaƙin Rumawa, da ta ambace ta.

Fenti ne kawai?

A kan ɗanyen yaɓe ake shafa launin, su bushe tare. Abin da za a zana a yini ɗaya, shi kaɗai ake yaɓewa.