Tambayoyin Da Marubuta Suka Ishe Ni Da Su Kan Neman Masu Karatu A Kafafen Sada Zumunta

Na daɗe ina amsa tambayoyin nan, yau wannan ya turo, gobe wancan ya turo irinta sak. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Duk wanda ya sake aiko mini da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi. Ku yi haƙuri idan wata amsar ta zo da zafi, abin yana damuna ne, don na ga marubuta masu baiwa da yawa sun ƙone a banza a kan waya.

Dole ne marubuci ya shiga kafafen sada zumunta?

Ba dole ba ne. An yi marubuta tun kafin a buɗe Facebook a 2004, kuma ana karanta su har gobe. Amma idan ba ka da kamfanin da zai tallata maka littafi, ba ka da jarida, ba ka da rediyo, ka faɗa mini ta ina mai karatu zai san kana duniya.

Wace kafa ta fi?

Wadda masu karanta irin rubutunka suke zaune a cikinta. Ka tambayi mutum goma da suka taɓa karanta aikinka inda suka fi daɗewa idan sun ɗauki waya. Facebook na ɗaukar dogon rubutu. A X, mai asusun kyauta harafi 280 yake da shi. TikTok da Instagram na mai iya magana a bidiyo ne. Wattpad kuwa tun 2006 don labari babi-babi aka gina ta. Ka kama ɗaya ka riƙe da kyau. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Mabiyana sun kai dubu ashirin, amma littafina ya fito shiru kake ji. Me ya faru?

Da me ka tara su? Idan barkwanci da gardamar ƙwallo da hotunan wasu ne suka kawo su, to don su suka zo, kuma ranar da ka ɗora bangon littafi za su wuce kamar ba su gani ba. Mabiyi daban, mai karatu daban. Mai karatu shi ne wanda ya tsaya ya cinye shafi uku na rubutunka, ya dawo washegari yana tambayar ina saura.

Sannan ka sani ba dukan dubu ashirin ɗin ake nuna wa abin da ka wallafa ba. A watan Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa, da wanda ke jawo hira tsakanin mutane, a kan na shafukan talla. Rubutun da ba a tanka masa ba, da wuri yake nutsewa.

To in sayi mabiya?

A'a. Taron tsintsiya ne ba shara. Asusun bogi ba ya karatu, ba ya sharhi, kuma shirunsa ne zai sa manhajar ta ɗauka rubutunka bai da amfani, ta rage nuna shi ga mutanen gaske.

Me zan riƙa wallafawa?

Rubutu mana! Kai ba marubuci ba ne? Na shiga shafin wani matashi na ga bangon littafinsa sau goma sha ɗaya a jere, kowanne da "ya fito, ku hanzarta". Na yi ta gangarawa ina neman ko jimla ɗaya daga cikin littafin, ban samu ba. Ta yaya zan sayi abin da ban san muryarsa ba? Ka sa sakin layi biyu daga babin da ka fi so. Ka sa gajeren labari. Ka ba da labarin yadda wani tauraro ya ƙi mutuwa alhali ka shirya kashe shi. Ka yi magana a kan littafin wani da ya burge ka. Talla ta zo jefi-jefi a tsakani.

Kuma don Allah a daina "wanda yake son mahaifiyarsa ya danna". Tun Disambar 2017 Facebook ya ce zai riƙa danne irin wannan roƙon, ga shi yana zubar da girman marubuci.

Sai na amsa wa duk wanda ya yi sharhi?

A farkon tafiya, ƙwarai kuwa. Nan ne aikin yake, kuma nan ne kuka fi sakaci. Wata baiwar Allah ta karanta babinki da daddare, ta zauna ta rubuta layi shida tana tambayar me ya sa Hafsatu ta koma gidan bayan duk abin da aka yi mata. Kwana huɗu ba ki ce komai ba, a na biyar kika manna mata hoton zuciya. 'Yar'uwa, wannan matar ta ba ki abin da kuɗi ba ya saye, kin mayar mata da shi. Da kin ce, "Ke da ke ce, za ki koma?", da hira ta ɓarke, wasu sun shigo, ita kuma ta zama taki har littafi na biyar, tana kawo miki ƙawayenta. Idan jama'a sun yi yawa har ba ki iya bin kowa, ki ware rabin awa bayan kin wallafa, ki amsa masu ma'ana. Amma mai sharhi takwas ba ta da uzuri.

In saki littafina kyauta babi-babi, ko in riƙe shi sai na sayar?

To, nan sai mu zauna, don wannan ba ta amsuwa da e ko a'a, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci kai tsaye bai san halin da kake ciki ba.

Idan ba wanda ya san ka, kyauta ita ce ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa. Mutum ba ya cire kuɗi don baƙon suna, amma zai ba ka minti biyar. Dabarar ma ta girmi intanet: a ƙarni na 19 jaridu da mujallun Ingila da Faransa kashi-kashi suke fitar da labarai, mutane na ɗokin fitowa ta gaba. Ɗokin nan shi ne riba, shi ke sa a riƙa zancenka a inda ba ka nan.

Sai dai akwai ramuka. Jama'ar da kyauta ta tara, da yawansu kyauta suka saba da ita, ranar da ka ce a biya sai ka ga an watse, wasu har da zagi. Galibi laifin marubucin ne, don ya ja su har tsakiyar rikici sannan ya datse ba sanarwa, suka ji an yaudare su. Idan niyyarka ka sayar da sauran, ka faɗa tun babi na ɗaya: goma na farko kyauta, ragowar na kuɗi. Wanda ya biyo ka a haka ba ya jin haushi.

Akwai kuma sata. Abin da ka ɗora a fili, cikin minti ɗaya ake kwafe shi, a haɗa shi fayil guda, a goge sunanka. Zauren WhatsApp ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000, ka ga kafin ka farga ya zaga. A ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne ta 1886, haƙƙin mallaka naka ne da zarar ka rubuta, ba sai ka yi rajista ba, kuma Facebook da Wattpad suna da hanyar kai ƙarar wanda ya kwafi aikinka. Amma abin da ke yawo a rufaffen zaure, da wuya ka kamo shi. Ba ina cewa na kuɗi ba a sace shi ba, ana sacewa, sai dai na kyauta ya fi saurin tafiya.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne gobe. Gasanni da kamfanonin buga littattafai da dama suna sharɗanta aikin da ba a taɓa wallafawa ba, kuma a wurin da yawansu abin da ka sa a shafinka wallafawa ce. Haka KDP Select, wani tsarin Amazon na sayar da littafin na'ura: idan ka shiga, kwana 90 su kaɗai za su sayar da littafin na'urar, ba a yarda cikakkensa ya kasance a shafinka ko wata kasuwar intanet ba, ko da kyauta ne. Saboda haka idan kana da burin kai aikin irin waɗannan wurare, ka karanta sharuɗɗansu kafin ka saki ko babi ɗaya.

Ni kaina na taɓa faɗawa wani ramin. Na fara sakin labari alhali babi shida kawai na rubuta. Rashin lafiya ta shigo gidanmu, na yi wata biyu ban taɓa alƙalami ba. Da na dawo, waɗanda suka saura ba su kai rabi ba, wata ma ta rubuto mini cewa ta manta sunayen taurarin. Har yau abin yana mini ciwo, don ni na karya alkawari. Kada ka fara saki sai ka gama, ko aƙalla kana gaba da masu karatu da babi goma.

Inda na fi karkata shi ne: gajerun labarai kyauta, aikinka na farko ma in ka ga za ka iya jurewa ka bayar da shi duka, don mutane su ga kana iya kai labari ƙarshe. Wanda ka zuba wa shekaru kuwa, ka nuna farkonsa ka riƙe sauran. Amma na ga wanda ya saki komai kyauta kuma aka sayi bugun takarda don ƙauna, na ga wadda ba ta taɓa sakin fiye da shafi biyu ba ta yi kasuwa. Idan kuma saƙo ne ke cin ranka, kuɗi ba sa gabanka, to ka bayar duka, ka dai tabbata sunanka na kan kowane babi.

Sau nawa zan wallafa a rana?

Gwargwadon abin da za ka iya ɗorewa a kai. Sau biyu a mako ba fashi ya fi sau biyar a rana na sati ɗaya. In ka ce Talata, to ya zama Talata.

Ba na son nuna fuskata. Zai hana ni ci gaba?

Ba zai hana ba, ki kwantar da hankalinki. Ki sa bangon littafi, ko ki naɗi muryarki kina karanta sakin layi. Rubutunki aka zo nema.

Wani ya ce littafina shirme ne a bainar jama'a. In rama?

Kada ka rama. Na san zafinsa, yana iya hana barci. Ka bari gari ya waye ka sake karantawa. Idan akwai gyara a ciki, ka ɗauka ka yi godiya, masu kallo za su ga dattakunka. Idan zagi ne zalla, ka toshe shi ka wuce. Kada kuma ka tura masoyanka su yi masa rubdugu. Wanda ya ga an yi wa mai suka haka, shi ma ba zai sake faɗa maka gaskiya ba.

Laifi ne in zuba tallar littafina a ƙarƙashin rubutun wani marubucin?

Laifi ne, kuma rashin ladabi ne. Haka jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba, haka tura wa wanda bai san ka ba saƙon "taya ni yaɗawa" ko sallama babu. Ka karanta aikin mutum, ka yi masa sharhi na gaskiya, ku saba. Marubuta na tallata juna sosai, amma sai da sanayya.

Idan aka rufe mini shafi fa?

Da ka yi wannan tambayar tun farko. Shafin nan zanen aro ne. An rufe kafar Vine a 2017, an rufe kafar Google+ a 2019, duk da jama'ar da mutane suka tara a kai. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Ga masu kutse, ga rufe asusu bisa kuskure. Ka nemi izinin masu karatunka na gaske ka ajiye lambobinsu ko imel ɗinsu a wani wuri daban. Jerin aika saƙo na WhatsApp na ɗaukar mutum 256, amma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai samu, don haka ka roƙe su su ajiye. Ka kunna matakin tsaro na biyu a asusunka. Kuma idan babu kwafin littafinka a ko'ina sai a kan shafin, ka ajiye karatun nan ka je ka kwafe shi yanzu.